Wakilin Gidan Haya da Haƙƙin Maƙwabtaka: Amanar da Ta Wuce Karɓar Kuɗin Wata



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, tunatarwarmu ta yau ta shafi mutumin da ba a cika ambatonsa a wa'azi ba, wato wakilin gidan haya. Shi ne wanda mai gida ya danƙa wa mabuɗai, ya ce ya zuba mutane, ya karɓi kuɗi, ya duba abin da ya lalace. Ta kuma shafi mai gidan da ke kula da gidansa da kansa, da duk wanda ke zaune a ɗakin haya a nan Gure.

Zan fara da abin da ya faru a unguwarmu, kuma ban cire kaina daga laifin ba. A ƙarshen wani watan Oktoba, wata guda da buɗe makarantu, wani saurayi malamin lakwal da aka turo daga yammacin ƙasa ya kama ɗaki a wani gida mai ɗakuna takwas. Hausarsa kaɗan ce, Barbarci kuwa ba ya ji ko kaɗan. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi da yammacin Juma'a. Bai sake fitowa ba har safiyar Litinin. Kwana uku yana kwance, ga mata suna girki a tsakar gida, ga yara suna wasa a bakin ƙofarsa, ga maza suna wucewa masallaci sau biyar a yini, amma babu wanda ya ƙwanƙwasa. Wanda ya buga ƙofar a ƙarshe shi ne wakili, kuma abin da ya kai shi kuɗin wata ne. Aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Ni kaina na sha tsayawa kusa da shi a sahu, na lura da rashinsa, na ce a raina ƙila tafiya ya yi. Da aka tambayi mutanen gidan, kowa amsarsa ɗaya: ba mu saba da shi ba.

Ra'ayina, wanda zan kafa masa hujja, shi ne: haɗa mazauna gidan haya su san juna yana cikin aikin wakili, kuma wakilin da ya tsaya ga karɓar kuɗi kaɗai ya sauke rabin amana ya bar rabi.

Ka dubi garinmu, ya ɗan'uwa. Gure na kan babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Diffa, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. Tun tana hedikwatar ƙasar Muniyo take saukar baƙi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a cikinta a watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Kosso. Yau kuma a gida ɗaya za ka tarar da Bamange da Bahaushe da Bafillace da Batube da Buzu da Bazabarme: wannan malamin lakwal, wancan ma'aikacin lafiya, wancan ɗan kasuwa, wancan kuma rikicin da ya shiga jihar Diffa tun 2015 ne ya raba shi da garinsu. A da, baƙo yakan sauka a hannun mai masauki, wanda zai gabatar da shi ga mai unguwa da liman, ya san cinsa da shansa da lafiyarsa. Yau baƙo a hannun wakili yake sauka. Mabuɗin mai masauki ya koma hannun wakili, amma nauyin mai masauki ya faɗi ƙasa, babu wanda ya ɗauka.

Me addini ya ce? A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, bayan umarni da bauta wa Allah Shi kaɗai da kyautata wa iyaye, an jero waɗanda za a kyautata wa, kuma a cikinsu an ambaci maƙwabci iri biyu: na kusa da na nesa. Malaman tafsiri sun bayyana na biyun da cewa shi ne wanda babu dangantaka tsakaninka da shi, wasu suka ce baƙo, wasu suka ce wanda ba addininku ɗaya ba. Duk fassarar da ka ɗauka, ta sauka a kan ɗan haya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha da Ibn Umar, Allah Ya yarda da su, cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya yi zaton za a sanya shi cikin magada. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha ta tambayi wanda za ta fara ba kyauta cikin maƙwabtanta biyu, aka nuna mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. To wace ƙofa ce ta fi kusa da taka fiye da ta wanda bango ɗaya ya raba ku, kuna ɗibar ruwa a famfo ɗaya, kuna shanya a igiya ɗaya?

A nan sai a yi adalci wajen hukunci, kada a ɗora wa addini abin da bai ce ba. Taron ƴan haya ba farilla ba ne, ba kuma ibada ce mai siffa ta musamman ba. Abin da ke wajibi shi ne kame cuta daga maƙwabci, da taimakonsa idan ya shiga halin da ba shi da mai taimako sai kai. Taro hanya ce kawai. Sai dai ka tambayi kanka: yaya za ka duba mara lafiyar da ba ka san sunansa ba? Yaya za ka san maƙwabcinka ya kwana da yunwa alhali ko gaisuwa ba ta haɗa ku? Sanin juna shi ne ƙofar da sauran haƙƙoƙin suke shigowa ta cikinta.

Me ya sa na ɗora wa wakili? Domin shi kaɗai ne ya san kowa. Ya san wanda ya shigo jiya da wanda zai tashi gobe, ya san mai iyali da gwauro, ya san wanda albashinsa ya makara da wadda mijinta ya tafi ci-rani Libiya ko Agadas ya bar ta da yara. Kowane ɗaki yana buɗe masa ƙofa ko da ba a so. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa duk wanda aka ba kiwon wani abu za a tambaye shi game da shi, har bawan da ke kula da dukiyar ubangidansa. Kai wakili, dukiyar da aka ba ka kiwo gida ce mai mutane a ciki, ba rumbun hatsi ba.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ni ba liman ba ne, ba mai unguwa ba ne. Alhaji ya ɗauke ni in karɓo masa kuɗinsa." Wani kuma zai ce: "Zo mu zauna, zo mu saɓa. Gara kowa ya tsaya a ɗakinsa. Haɗa mutane shi ke kawo gulma da raini." Maganar ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, kuma saboda ita ne zan kawo sharuɗɗa a ƙasa. Amma ka lura, mutanen gidan haya sun riga sun haɗu, ko sun so ko sun ƙi. Suna haɗuwa a bakin famfo, a layin ban-ɗaki, a kan takardar NIGELEC da ake rabawa tsakanin mai firiji da mai ƙwan fitila ɗaya. Idan ba su taɓa haɗuwa a kan tabarma cikin lumana ba, to haɗuwarsu ta farko ranar faɗa ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi kuma mai maganar farko, ya sani cewa gidan da ake zaman lafiya a cikinsa ɗan haya ba ya gaggawar barinsa, ƙofa ba ta karyewa a bar ta, kuɗi kuma ba ya wuyar fita. Ko ta fuskar amfanin Alhaji, wannan aikinka ne.

Waɗanda suka riga mu shiga zaman gidajen bene sun ɗanɗana kuɗar sakaci da wannan. A birnin Paris na Faransa, a 1999, wani mai suna Atanase Périfan da abokansa suka fara shirya wa mazauna benaye bikin maƙwabta na shekara-shekara, bayan an tarar da gawar wata tsohuwa da ta daɗe da rasuwa a ɗakinta babu wanda ya sani. A watan Agusta na 2003 kuma, tsananin zafi ya kashe kimanin mutum 15,000 a ƙasar, akasarinsu tsofaffi, da yawa su kaɗai a ɗakunansu. Su sai da suka ƙirƙiro rana guda a shekara domin maƙwabci ya san maƙwabcinsa. Mu da aka yi mana wasiyya da shi tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, muna da uzuri?

To wane irin taro nake nufi? Ba biki ba, ba kiɗa ba, ba kashe kuɗi ba. Abubuwa huɗu ne, kuma shekara da kanta ta tsara lokutansu.

Na farko, tarbar sabon ɗan haya. Ranar da ka miƙa masa mabuɗi, ka zaga da shi ɗaki-ɗaki a yi sallama, a faɗi suna. Ka nuna masa masallaci, ka gabatar da shi ga liman da mai unguwa. Ka karɓi lambar wayar wani nasa da za a kira idan wani abu ya faru. Idan mai iyali ne, dattijuwar gidan ta yi wa matarsa irin haka. Wannan bai kai rabin sa'a ba, kuma a watan Oktoba, lokacin da ake buɗe makarantu ma'aikata suke sauya wurin aiki, ya fi kowane lokaci muhimmanci. Da an yi wa malamin nan haka, da bai kwana uku shi kaɗai ba.

Na biyu, buɗa-baki tare a watan Ramadan, ko sau ɗaya a mako. Kowa ya fito da abin da ya sawwaƙa: wannan kunu, wancan ƙosai, wancan dabinon kwarurrukanmu, wanda ba shi da komai ya shimfiɗa tabarma ya kawo ruwa. Wannan yana da asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai. Haka walimar aurensa da Nana Safiyya, a hanyar dawowa daga Khaibara a shekara ta 7 bayan Hijira: an shimfiɗa fatu, kowa ya kawo abin da ke gare shi na dabino da cuku da man shanu, aka haɗa aka ci. Gwauron da ke shan ruwa shi kaɗai a kan garin rogo, da ɗalibin da ya yi nisa da iyayensa, su ne suka fi kowa buƙatar wannan tabarma. Ranar Sallah kuma a gaisa ɗaki-ɗaki, ranar layya mai yanka ya fara da ƙofar da ba a yi yanka ba.

Na uku, gayya kafin damina. A watan Mayu ko farkon Yuni, a ware safiya ɗaya: a gyara indararo, a toshe tsagar bango, a buɗe hanyar ruwa, a cike ramin da ruwa ke kwanciya sauro ya hayayyafa, a kwashe yashin da iska ta tara a jikin katanga. Dattawanmu suna tuna yadda samariya take irin wannan aiki zamanin Seyni Kountché. Ba mu manta da daminar 2024 ba, wadda a cikinta tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe ranar 3 ga Satumba. Idan ruwa ya kayar da irin wannan gini, ina ga ɗakin ƙasa da aka shekara uku ba a yaɓe ba? Amma a kiyaye: gayya ta ƴan haya shara ce da ƙananan gyare-gyare. Rufin da ke yoyo da bangon da ya rune da masai da ya cika nauyin mai gida ne, kada a fake da zumunci a juye wa ƴan haya. Idan damina ta sauka kuma, ma'aikatan lafiya suka zo rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara ƴan ƙasa da shekara 5, wakili ya tabbatar ba a tsallake ɗaki ko ɗaya ba.

Na huɗu, ranar farin ciki da ranar baƙin ciki. Suna, aure, jinya, rasuwa. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Ka ga, maƙwabta ne ke ciyar da gidan makoki. Baƙon da aka yi wa rasuwa alhali danginsa suna Tawa ko Dosso, su wa zai samu in ba mutanen gidan ba? Aikin wakili a nan shi ne sanarwa da rabon aiki: wa zai kawo tabarmi, wa zai dafa na rana, wa zai je wurin liman.

Yanzu ga sharuɗɗan, domin alheri idan aka yi shi ba bisa ƙa'ida ba yakan koma zalunci.

Sharaɗi na farko: babu tilas. Dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Idan gida mai ɗaki 8 ya yarda kowa ya riƙa ba da dala 100 a wata, an sami jika 4, kuma za ta yi amfani ranar da aka buƙaci kai wani asibiti da dare. Amma yarda ce. Kada ka liƙa shi a kan kuɗin haya, kada ka ɓata fuska ga wanda bai bayar ba, kada wanda bai zo taro ba ya ga canji a mu'amalarka. Abin da aka karɓa da kunya ba kyauta ba ne.

Na biyu: kuɗin Alhaji ba naka ba ne. Ba ya halatta ka ɗebi kuɗin haya ka sayi sukari da shayi da sunan haɗa kan jama'a sai da izininsa. Kira shi ka nemi izini. Mafi yawan masu gida ba za su ƙi ba idan an yi musu bayani. Kuɗin asusun gida kuma kada ya zauna a aljihunka tare da na haya. A zaɓi wani daga cikin ƴan haya ya riƙe, a rubuta shiga da fita a littafi, a karanta wa kowa. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Na uku: kada tabarmar zumunci ta zama kotu. Wanda ake bi bashin wata biyu ya zauna ya ci cikin mutunci, kada a yi masa habaici ko da wasa. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Maganar bashi tsakaninka da shi ce, a keɓe. Haka kada ka tara mutane da sunan buɗa-baki sannan ka sanar da ƙarin kuɗin haya bayan sun ci. Wannan yaudara ce. Abin da ka sani na sirrin ɗakuna kuma amana ne. Idan za ka nuna wa mai zakka wanda ya cancanta, ka yi a ɓoye.

Na huɗu: kada a ware kowa. Abu Huraira ya bayyana, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Kada ma'aikacin gwamnati ya hau kujera mai turin kura ya tsaya a bakin zaure. Idan akwai Kirista a gidan, a gayyace shi, a kai masa nama. Abdullahi ɗan Amr, da aka yanka akuya a gidansa, abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Kuma tun da a gida ɗaya akan sami ɗan ɗariƙa da ɗan Izala, kada a kashe kuɗin asusun gida a kan abin da suka saɓa a kai, kada kuma a mai da zaman filin muhawara. A tsaya kan abin da kowa ya yarda da shi: ciyarwa, tsabta, jinya, jana'iza.

Na biyar: a kiyaye mutuncin mata da sirrin ɗakuna. Maza su zauna a zaure ko ƙofar gida, mata a ciki. Sabo ba ya ɗauke neman izini. Ayoyi na 27 da 28 na Suratun Nur suna nan a kan kowa, har da kai mai riƙe da mabuɗi na biyu. Amma kada a yanke shawarar gida ba tare da mata ba, domin su ne ke yini a tsakar gidan, su suka san inda rigimar famfo da ta yara take farawa. A nemi ra'ayinsu ta bakin dattijuwar cikinsu, kuma a yi aiki da shi.

Na shida: kada alherin gidanku ya zama cutar unguwa. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kowane almajiri ya san ta. Kafa rumfa a toshe hanya ba tare da sanar da mai unguwa da maƙwabta ba, ɗaga lasifika har tsakar dare alhali akwai mara lafiya da jariri da mai fita aiki da asuba, barin shara a titi bayan an watse, duk cuta ne. A fara bayan salla, a tashi kafin wata salla, a share wurin.

Ya kai mai gida da ke zaune a Yamai ko Damagaram kana jiran saƙon kuɗi a waya: idan ka kira wakilinka, bayan ka tambayi nawa aka tara, ka tambayi yaya mutanen gidan suke. Tambayarka ita ce za ta nuna masa abin da ke da daraja a wurinka. Ya kai ɗan haya: kada ka jira wakili. Zumunta a ƙafa take. Ka ƙirga ƙofofin gidanku, ka ga nawa ne ka san sunan mai su. Idan ka ga ƙofa a rufe daga asuba har azahar, ga takalmi a bakinta, ka ƙwanƙwasa ka yi sallama. Idan lafiya yake, ka sami ladan sallama. Idan ba lafiya ba, ƙila kai ne sababin da Allah Ya turo.

Ya kai wakili: ƙarshen wata ya kusa, za ka zaga ɗakuna kamar yadda ka saba. A wannan karon ka je sau biyu. Ka je ranar da babu takarda a hannunka, ka gaishe su, ka sa musu ranar da za a zauna. Ramadan ko Oktoba ba sai sun zo ba. Buta ɗaya ta shayi bayan la'asar ta isa a fara.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Wanda ya san wani wakili ko mai gidan haya, ya isar masa da wannan cikin ladabi. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Gure da ƙasarmu Nijar lafiya. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.